Asirin wa ake rufawa? Yadda aka fara tuhumar jami'o'i da ma'aikatu kan masu lalata da na ƙasa da su

A watan Oktoba na 2019 wata tsohuwar ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello ta fito ita kaɗai a Kaduna, riƙe da kwali. Ƙorafinta shi ne, malamin da jami'ar ta kora bisa neman ɗalibai da lalata ya samu wani aikin koyarwa a Jami'ar Jihar Kaduna. Sai da maganar ta bazu a intanet sannan aka dakatar da shi, aka kafa kwamitin bincike. A cikin wannan watan ne kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta sanar da korar ma'aikata 15 bisa laifuka daban-daban, ciki har da irin wannan.

Ga mutumin Funtua ko Malumfashi, wannan labarin gida ne. Tun da aka buɗe jami'ar a 1962, Zariya ce ta fi kusa da mu, nan ake kai 'ya'yan Bakori da Danja da Ƙafur. To, tambayar da labarin ya bari ita ce: ya aka yi mutum ya bar wata jami'a da wannan tabo, ya shiga wata, ba wanda ya tare shi a ƙofa? Amsar tana cikin tarihin dokokinmu, da kuma yadda muke fahimtar rufin asiri.

Laifin da doka ba ta ba shi suna ba

Dokar Final Kod ta Arewa ta fara aiki a 1960. An tsara ta ne bisa ta Sudan, wadda ita ma ta samo tushe daga ta Indiya ta 1860. Sashe na 282 ya fayyace fyaɗe: saduwa da mace ba da yardarta ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar tsorata ta da kisa ko rauni, ko kuma idan ba ta kai shekara 14 ba. Ku lura da abin da babu a ciki. Malamin da ya ce wa ɗaliba ba za ta ci kwas ɗinsa ba sai ta same shi a otal, bai zare wuƙa ba. Manajan da ya riƙe albashin yarinya har sai ta amince, bai ɗaga mata hannu ba. Makaminsu maki ne da albashi, kuma waɗanda suka rubuta dokar ba su yi lissafi da wannan makami ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka ma abin bai da suna sai a 1975. Wata ma'aikaciyar Jami'ar Cornell, Carmita Wood, ta ajiye aiki saboda wani farfesa ya dame ta. Da ta nemi tallafin marasa aiki aka hana ta, domin a takarda babu wani dalili da hukuma ta sani. Matan da suka taru don mara mata baya, ciki har da Lin Farley, su ne suka raɗa wa abin sunan da duniya ke amfani da shi yau, wato cin zarafi ta hanyar neman lalata. Sai a 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa wannan nau'i ne na wariya a wurin aiki, wanda ma'aikata kanta za ta iya amsa tuhuma a kai. Kotun Ƙolin Indiya ta bi sahu a 1997, inda ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su kafa kwamitin karɓar ƙorafi.

Wannan shi ne juyin da ya fi muhimmanci. A da ana tsayawa ne kan mutumin da ya yi laifin. Yanzu an ƙara da tambayar me wurin da ya ba shi kujera ya yi da aka kai masa kuka.

Yadda juyin ya iso Najeriya

Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙararrakin cin zarafi a wurin aiki. A Disamba 2013 kotun ta yanke hukunci a ƙarar da wata ma'aikaciya, Ejieke Maduka, ta shigar kan Microsoft a Najeriya da shugabanta. Ta ce an sallame ta ne bayan ta ƙi amincewa da shi. Kotu ta ba ta gaskiya, kuma ba shugaban kaɗai ta ci tara ba, har da kamfanin, saboda ya bari abin ya faru a ƙarƙashinsa.

A jami'o'i, shari'ar da ta buɗe ƙofa ita ce ta Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. A 2018 aka fitar da muryarsa da wata ɗaliba ta naɗa a waya yana gindaya mata sharaɗi kafin ya gyara mata maki. Jami'a ta kore shi, kuma a Disamba na shekarar Babbar Kotun Tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. Abin lura, hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ce ta gurfanar da shi. Wato an ɗauki neman lalata a bakin maki a matsayin neman cin hanci da kujerar gwamnati, tunda babu wata doka ta musamman da za a kama shi da ita.

Shekarar 2019 ce ta fasa ƙwai. A Fabrairu wata matashiya a Kano, Khadijah Adamu, ta bayyana a Twitter irin azabar da ta sha a hannun wani tsohon saurayinta. Fakhrriyyah Hashim ta ƙirƙiro maudu'in ArewaMeToo, sai ga 'yan mata da samari na Arewa suna ta fitowa da nasu labaran, wasu a makarantu, wasu a gidajen 'yan uwa. Cikin 'yan kwanaki 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin masu fafutukar, Maryam Awaisu, a Kaduna, sai da aka yi ca sannan aka sake ta. Kun ga inda hukuma ta fara sa hannu: kan mai magana. A Oktoba kuma BBC ta fitar da binciken Kiki Mordi da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Jami'ar Legas ta dakatar da malamai biyu nan take, ta kore su a 2021.

Ita kuwa doka, tafiyar hawainiya ta yi. Sanata Ovie Omo-Agege ya kawo ƙudirin hana malaman manyan makarantu neman ɗalibai a 2016, bai kai labari ba. Ya sake kawo shi a 2019, Majalisar Dattawa ta amince a Yuli 2020 da ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Ƙungiyar ASUU ta soki ƙudirin, tana cewa an ware malamai ne kawai, kuma ya taɓa 'yancin jami'o'i. Wa'adin majalisar ya ƙare a 2023 ba tare da ya zama doka ba. Dokar hana cin zarafin jama'a ta VAPP, wadda aka sa wa hannu a 2015, a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta karɓe ta. Katsina ta karɓa a ƙarshen 2023, tana cikin na baya-baya.

Abin da bincike ya nuna

Masu nazarin halayyar ɗan Adam suna da suna ga abin da ke faruwa idan mutum ya kai kuka wurin da ya dogara da shi, aka juya masa baya. Jennifer Freyd ta Jami'ar Oregon ta kira shi cin amanar hukuma. A binciken da ta wallafa tare da Carly Smith a 2013 kan ɗalibai mata, kusan rabin waɗanda aka taɓa cin zarafinsu sun ce wata hukuma ta yi sakaci, ko ta rufe maganar, ko ta hukunta su don sun yi magana. Waɗannan sun fi sauran fama da fargaba da sauran alamomin firgici. Ma'ana, yadda aka karɓi ƙorafi yana iya zama rauni na biyu.

A 2018 manyan cibiyoyin kimiyya da injiniyanci da likitanci na Amurka suka fitar da rahoto kan wannan matsala a jami'o'i. Abin da suka gano ya fi hasashen yawan cin zarafi a wuri shi ne yanayin wurin: shin mutane na ganin kai ƙara haɗari ne, shin ana ɗaukar ƙorafi da gaske, shin ana hukunta mai laifi? Sun kuma nuna haɗarin dogaro da mutum ɗaya. Duk wanda ya yi furojet ya san wannan: sufabaiza ɗaya ne ke riƙe da sa hannun da zai fitar da kai, ko ya ajiye ka shekara guda.

To, ga inda rufin asiri ya shigo. A wurinmu kalma ce mai daraja, ita muke roƙo a addu'a. Uba ya ji abin da ya faru da 'yarsa, sai ya tuna maganar aure, ya ce a bar zancen. Tsoronsa na gaskiya ne, domin al'umma takan ɗora wa yarinyar abin kunyar da ba nata ba. Amma idan makaranta ta ari wannan kalma, ta ce wa malami ya ajiye aiki cikin mutunci, ko ta kore shi ba tare da wani ya san dalili ba, asirin makaranta da na malamin aka rufa. Yarinyar da za ta zauna a ajinsa a makaranta ta gaba, ita aka bari a fili. Ana iya ɓoye sunan wadda ta kai ƙara, a kuma bayyana hukuncin da aka yanke. Abubuwa biyu ne daban, mu ne muka saba haɗa su.

Inda babu kwamiti ko ɗaya

Jami'a ko ba komai tana da majalisa da rajistara da fayil. Yawancin matan da ke aiki a yankinmu ba su da ko takardar ɗaukar aiki: masu tsintar auduga, masu cirar tumatir a Danja, 'yan aikatau, masu jiran shago, malaman makarantu masu zaman kansu, ɗaliban aikin jinya da ke neman a sa musu hannu a littafin horo. Wanda zai biya ta, shi ne wanda za ta kai wa ƙara, wani lokacin ma shi ne mai laifin. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kuma Najeriya ta rattaba mata hannu a 2022, ta haɗa har da irin waɗannan: masu aikin da ba na ofis ba, masu koyon sana'a, da masu neman aiki. A takarda an gama. A gona da shago, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu makarantu da masu unguwanni ne za su iya mayar da ita abin da ake gani.

Tarihin nan ya nuna cewa kusan duk matakin da aka ɗauka, sai da wata ta fara sayar da rufin asirinta: ta naɗi murya, ta ɗaga kwali, ta rubuta sunanta a intanet. Tsarin da ke jiran irin wannan jarumtar kafin ya motsa, bai kare kowa ba. Don haka idan za ku kai 'ya ko ƙanwa makaranta, bayan kuɗin rajista da na hostel, ku ƙara da waɗannan tambayoyi. Akwai rubutacciyar doka kan wannan? Wa ake kai wa ƙara, kuma yana wajen sashen malamin? Idan ɗaliba ta yi ƙorafi, wa zai duba takardar jarrabawarta? Kafin a ɗauki malami, ana tambayar inda ya baro me ya raba su? Makarantar da ke da amsa za ta faɗa muku ba tare da ɓata rai ba.