Laƙabin "Littafin Soyayya" da Matsalar Zaɓar wa Mai Karatu Littafi a Laburare

Tsakure

Maƙalar ta nuna cewa laƙabin "soyayya" da ake liƙa wa ƙagaggun labaran Hausa na zamani ba ya amfanar ma'aikacin laburare idan aka nemi shawararsa. Jigo ya kamata ya zama ma'aunin sharhi.

Waiwaye

A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai "Adabin Kasuwar Kano", yana ganin yayi ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar da martani, muhawarar ta cika shafukan jaridu. Ba da Malumfashi kaɗai nake jayayya ba. Ɓangarorin biyu sun fi tsayawa kan ko wannan adabi ne ko ba adabi ba, alhali ɗalibar da ta zo laburare wata tambayar ce a bakinta: wanne zan karanta bayan wannan? Da aka ƙona littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sai aka ƙara haɗa su a kwando guda.

Hanyar Bincike

An yi karatun ƙwaƙƙwafi na littattafai uku, aka kwatanta jigoginsu da laƙabin da aka san su da shi.

Sakamako

"In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino ya cancanci sunan, domin soyayyar 'yar mai kuɗi da ɗan talaka ce ƙashin bayansa. "Wa Zai Auri Jahila?" na Balaraba Ramat Yakubu kuwa ilimin 'ya mace da auren dole ya sa a gaba.

Inda laƙabin ya fi yin ɓarna shi ne "Alhaki Kuykuyo Ne" (1990), shi ma na Balaraba. Jarumar labarin, Rabi, ba budurwa ba ce mai jiran wasiƙar saurayi. Uwar 'ya'ya tara ce da mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. Akwai soyayyar 'yarta Saudatu, amma a gefe take. Tambayar da ke ɗauke da labarin ita ce wa ke ciyar da yara bayan saki. Bazawara, da ɗalibin nazarin zamantakewa, har da alƙali, duk suna da abin ɗauka a ciki, sai dai laƙabin kan kore su kafin su buɗe bango. 

Masu shagunan hayar littafi sun daɗe da gane cewa jigo ya fi laƙabi amfani. Sukan tambayi mai haya wanda ta karanta a baya, ko na kishiya take so ko na makaranta, su kuma tuna mata akwai na biyu da na uku. Sharhin laburare ya kamata ya amsa waɗannan: jigo, shekarun da ya dace da su, da adadin juzu'i, tunda sayen na ɗaya kaɗai rabin labari ne.

Iyakar Bincike

Littattafai uku ne, duka daga Kano, biyu na marubuciya guda. Mai son ƙorafi zai ce sun tsufa, kuma ba a taɓo labaran da ake sayarwa ta WhatsApp da Wattpad ba. Haka ne, waɗannan sai an yi musu nazari na dabam, domin ba su da bangon da za a jera a kan kanta.