ZARE: Tambaya ɗaya daga Kurfi za ta iya kai ka har Faransa

1/ Duk ɗalibin tarihi ya san tambayar nan: "To in ka gama, me za ka ci da shi?" In ka ce kana son ci gaba zuwa digiri na biyu kuwa, sai a ɗauka za ka ƙara haddace sunayen sarakuna ne. Ina karatun digirin farko a FUDMA, kuma ga abin da na fahimta. Ku biyo ni.

2/ A digirin farko ana ba ka amsa ne. A na biyu da na digirgir, kai za ka kawo tambaya, ka nemo hujja, ka kare ta gaban malaman da ba sa jin kunyar ce maka ba ta yi ba.

3/ Ga misali a ƙofar gida. Hakimin Kurfi sarautarsa Maraɗin Katsina. Kuma akwai birnin Maraɗi a Nijar. Kun taɓa tambayar me ya haɗa su?

4/ Maraɗi tsohuwar sarauta ce a Katsina tun kafin jihadi. Da masu jihadi suka karɓi birnin wajen 1807, gidan sarautar da aka ture ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi. Sarkin can har yau Sarkin Katsina ake kiransa. Gida ɗaya ya rabu biyu, aka yi ta yaƙi shekara da shekaru.

5/ Yaƙin nan ya bar shaida a rubuce. Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta Kurfi a 1853 a hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ya yi bayanin ganuwar garin. Mutane ba sa wahalar gina irin wannan kariya sai da dalili.

6/ Amma ba za ka haɗiye maganar Barth haka nan ba. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Me suke nema? Wa ya yi masa jagora, me aka ɓoye masa? Ka ga dole ka karanta tarihin Turai na ƙarni na 19 don ka gane baƙon da ya ratsa garinku.

7/ Sai iyaka. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara a 1904 da 1906. Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi hannun Faransa. Shi ya sa takardun labari ɗaya suka warwatsu: wasu a Kaduna da Landan da Turanci, wasu a Yamai da Faransa da Faransanci. Wasiƙun sarakuna kuma da Larabci.

8/ Dutsin-Ma ma haka. Hakiminmu 'Yanɗakan Katsina ne, gidan Na Alhaji, ɗaya daga cikin jagororin jihadi uku a ƙasar Katsina tare da Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa. Me ya sa uku? Ya aka yi Dallaje ya zama sarki? Wannan kaɗai kundi ne guda.

9/ Akwai wanda ya riga mu. Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa a 1945, ya yi digirin digirgir a ABU Zariya kan Katsina, littafin ya fito a 1981. Ya bi gari-gari yana tambayar dattawa, ya ƙi yarda a taƙaita jihadi a matsayin faɗan Fulani da Hausawa. Ku duba yadda ake zage-zage a kan wannan batu a Facebook yau, ku ce mini tarihi ba shi da amfani.

10/ Tantance labari ma ba Bature ya fara ba. Ibn Khaldun a Muƙaddima, tun 1377, ya ja kunnen masu tarihi su auna labari da hankali kafin su yaɗa shi. Darasin ya fi dacewa da mu 'yan waya.

11/ Abin da ke damuna lokaci ne. Takardun Landan za su jira mu. Tsohuwar da ta san kirarin gidansu ba za ta jira ba. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a yankinmu, kuma in gari ya watse, labarinsa kan bi shi.

12/ Mai niyyar masta a tarihi: fara koyon Larabci da Faransanci tun yanzu. Ka ziyarci Arewa House a Kaduna. Kafin nan, ka zauna da kakarka, ka nemi izininta, ka kunna rikoda a wayarka, ka rubuta rana da wuri.

13/ 'Yan Kurfi, Dutsin-Ma, Safana, Batsari: wace sarauta ko kufai ne a garinku da ba wanda ya taɓa yi muku bayaninsa? Ku ajiye a ƙasa, mu tattara.