Gwangwanin Kakana

Ranar da muka rushe tsohon ɗakin kakana a Aujara, cikin Ƙaramar Hukumar Jahun, sai magini ya ci karo da wani gwangwanin madara a ƙarƙashin daɓe. Da muka fasa murfinsa, muka tarar da takardun naira goma-goma guda tamanin, naɗe cikin tsumma da leda, sababbi fil, ko karaya ba su yi ba. Mahaifina ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Kuɗin Hajjin Baba ke nan." Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda kuɗi ke mutuwa a hannun mai shi.

Kakannin kakana da wuri suka yi ciniki. Bayan zuwan Turawa aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, jama'a suka saba da anini da kwabo da taro da sisi da sule. Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da nasa takardun a ranar 1 ga Yuli, 1959. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka sauya su domin a kashe waɗanda ke hannun 'yan tawayen Biyafara. Ranar 1 ga Janairu, 1973 naira ta gaji fam, fam ɗaya a kan naira biyu. A 1977 aka fito da naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammad, a 1979 kuma aka sa Tafawa Ɓalewa a naira biyar, Alvan Ikoku a naira goma.

Sauyin da ya ci kakana shi ne na 1984. A ƙarshen Afrilun shekarar, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardu, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba, da nufin kashe kuɗin da aka jibge a ƙetare. Lokacin babu Jihar Jigawa, sai 1991 aka ƙirƙiro ta, kuma banki ya yi wa mutumin ƙauye nisa. Kakana yana kwance ba lafiya, bai kuwa taɓa gaya wa kowa inda ya binne kuɗin gyaɗa da na shanun da ya sayar ba. Kafin ya miƙe, bakin alƙalami ya bushe. Ya mayar da gwangwaninsa rami, ya rasu bayan shekara shida bai ga Ka'aba ba. An ɗana wa ɓarayin gwamnati tarko, ya kama manomi.

Da na kai takardun Kano, wani ɗan canji a Wapa ya haɗa ni da wani mai tara tsofaffin kuɗi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ware guda, ya nuna mini harafin Z a cikin haruffan da ke gaban lambarta. Ya bayyana mini cewa idan takarda ta lalace a maɗaba'a, akan cire ta a sa wata mai lamba ta daban a gurbinta, don lissafin ɗauri ya cika. A Amurka, tun 1910, tauraro ake bugawa a jikin lambar irin wannan takarda, mu kuwa da harafi ake gane tamu. Da yake ba su da yawa, masu tarawa na neman su ruwa a jallo, musamman wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba. Ya taya ta da abin da ya fi ƙimar sauran gaba ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rubutun ajami da ke jikinta. Kakana bai yi boko ba, amma da karatun allo yake karanta "naira goma" ba tare da ya tambayi kowa ba. A 2007 aka cire ajami daga naira biyar zuwa hamsin, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira ɗari. Ke nan takardar da ke hannuna shaida ce ta zamanin da hukuma ke yi wa almajiri magana da haruffan da ya sani.

Tarihi kuwa ya maimaita kansa. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya naira 200 da 500 da 1,000. Na ga tsofaffi sun kwana a layin banki a Dutse, na ga mai akuya ya koma gida da ita daga kasuwar Shuwarin don babu tsabar kuɗi, har sai da Kotun Ƙoli ta tsawaita wa'adin a ranar 3 ga Maris, 2023. Shekara talatin da tara tsakani, amma wanda ya fi jin jiki bai sauya ba.

Na shawarci mahaifina game da tayin, ya ce, "Sayar da ita, ka yi wa Baba sadaka." Haka na yi, muka sayi tabarmi muka kai masallacin unguwarmu. Sauran saba'in da tara suna nan a adakarsa, kuma duk jikan da ya fara haɗa baƙi, akan ɗauko masa guda ya karanta ajamin da ke jikinta.