Kabewar da Ba a Rubuta Garinsu Ba

Idan damina ta yi nisa a Magami, kabewa ba ta neman izinin kowa. Daga bayan gida take yaɗo, ta hau danga, ta haye jinka, sai dai mu wayi gari mu ga ta ajiye 'ya'ya a saman ɗaki. Mun tashi muna cinta a miyan taushe da fate, har muka ɗauka tun fil azal tamu ce. Alhali baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa suka baza ta a duniya. Danginta na daji suna can har yau, ƙanana, masu ɗaci kamar maɗaci.

Waɗannan masu ɗacin suna da juriyar cuta da ta gida ta rasa. Wajen shekarun 1970, Henry Munger na Jami'ar Cornell a Amurka da ɗalibansa suka yi aikin haɗa wata kabewar daji ta Meziko da ta gida, don maganin cutar nan mai sa ganye ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Aikin hannu ne. A jikin yaɗo ɗaya, furen namiji daban, na mace daban. Da yamma za a ɗaure bakin furen kafin ya buɗe, don kada ƙudan zuma su riga mutum, da sassafe a ɗebo garin furen namiji a shafa wa na mace. Abin da ya fito ya gaji juriya, ya kuma gaji ɗaci. Sai a sake haɗa shi da na gida, a zaɓa, a sake, shekara da shekaru, har ɗacin ya fita juriyar ta zauna. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan wahala: layi ɗaya kake so daga aikin wani, sai ya taho maka da tarkacensa duka.

Ana cikin haka wata cutar ta ɓulla. A 1973 aka fara lura da ita a arewacin Italiya, a gonakin wata doguwar kabewa da suke ci tun tana ɗanya, wadda suke kira zukini. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗa ta. Ganye ya yi rawaya ya tanƙware, 'ya'yan su fito da ƙulu-ƙulu, ba mai saye. Kafin a ankara ta ƙetara Amurka. A 1984 Rosario Provvidenti da abokan aikinsa a jihar New York suka ba da rahoton cewa cikin ire-iren da suka gwada, akwai wata kabewar gida daga Najeriya da cutar ba ta kayar ba. Daga baya aka gano tana jure wasu cututtukan masu kama da wannan, aka haɗa ta da zukini, kamfanonin iri suka shiga sayar da jikokinta.

Sunan da masana ke kiranta da shi a takardunsu har gobe shi ne “Nigerian Local”, wato 'yar gida ta Najeriya. Sunan bai ambaci gari ba, balle manomi, kuma wannan yana yi mana ciwo. Mun san yadda iri ke ɗorewa a gidajenmu. Tsohuwa ce ke duba kabewar da ta fi lafiya da zaƙi, ta ware 'ya'yanta, ta shanya a faifai, ta gauraya da toka ta rufe a tulu sai baɗi. Zaɓen da Munger ya yi da littafi da alƙalami, ita ma shi take yi kowace kaka.

Yanzu a hanyar Magami zuwa Ɗansadau akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tayar. Wanda ya gudo Gusau cikin dare yara yake ɗauka da 'yan tufafi, tulun iri a ɗaki ake barinsa. Irin kabewa kuwa shekaru kaɗan yake yi a ajiye kafin ya daina tsira.