Gidajen Abincin da Ba Su da Allo: Tarihin Diffa Daga Bakin Murhu

Gardama ce ta haifi wannan rubutu. Wani dare a ɗakin kwananmu na ɗalibai a Yamai, abokaina suna ta lissafa gidajen abincin da suka yi suna a babban birni: wancan na bakin kogi, wancan na unguwar manya, wancan da ake cin kifi ana kallon gada. Sai ɗaya ya juyo ya ce da ni, "Kai ɗan Diffa, ku wane gidan abinci gare ku?" Na buɗe baki, na rasa suna ko ɗaya. Aka yi dariya, ni ma na taya su, amma abin ya tsaya mini a rai. Don kuwa goggona ta yi shekara da shekaru tana sayar da tuwo kusa da kasuwar tattasai. Da kuɗin tuwon nan aka saya mini littattafan lakkwal. Na san direbobin da ke ƙin cin komai tun daga Maine-Soroa don su iso rumfarta da yunwarsu. To me ya hana ni ambatonta? Ba ta da allo a ƙofa, shi ke nan.

Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, don haka daga kalma na fara bin sawun laifin. Kalmar Faransanci da muke ara mu ce "restoran", asalinta sunan wani romo ne da ake sayarwa a Paris wajen shekarun 1760, wai mai mayar wa jiki ƙarfinsa. Daga baya sunan ya tashi daga romo ya koma kan ɗakin da ake shan sa. Wato su gini suke kira. Mu kuwa dubi yadda muke faɗi: mai tuwo, mai shayi, mai tsire, mai masa, mai kifi. Mutum muke kira. Barbarci ma haka yake yi, sai dai shi a ƙarshen kalma yake liƙa "ma", irin wadda muke ji a Galadima da Ciroma, sarautun da Hausa ta aro daga Borno. A Diffa idan za a kwatanta maka inda za ka ci abinci, sai a ce je wurin Hajiyar bakin tasha, ko mai shayin gindin bedi. In mai abin ta tashi, wurin ya tashi. Saboda haka wanda ke son tarihin gidajen abincinmu kada ya nemi alluna. Ya nemi abin da ke tara mutane da yunwa a wuri ɗaya, da kuma abin da ke watsa su.

Kogi da abin da ya riga garin

Komadugu a Barbarci kogi ke nan kawai. Namu, Komadugu Yobe, ruwansa daga nesa yake zuwa, daga kogin Haɗeja da na Jama'are a Najeriya, ya zo ya zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu kafin ya faɗa tafkin Cadi kusa da Bosso. A kwarin wannan kogi ne Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu wajen shekarun 1470, birnin da ya zama fadar Borno har zuwa 1808. Ka ga ke nan tun Diffa ba ta zama komai ba, kwarin ya saba da ciyar da baƙo. Fatake na wucewa da manda da kanwa daga ƙasar Manga, da busasshen kifi daga tafki. Duk inda ayari ya sauke kaya kuwa, akwai macen da za ta ɗora tukunya.

Harshe ya riƙe shaidar wannan cuɗanya. A 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna cewa Hausa ta ari kalmomi masu nauyi daga Barbarci, har da karatu da rubutu da kasuwa. Ni kuma a akushi nake ganin tawa shaidar: burabusko da sinasir da danderu, duk Bahaushe yana cin su yana kiran su, alhali girkin Borno ne. A rumfar goggona mutum zai nemi tuwo da miya da kifi, na kusa da shi ya nemi bəri da kalu da bunyi, a zuba musu daga tukunya ɗaya. Baƙon Bahaushe in ya ji "bəri" karon farko sai ya zaro ido, ya zaci biri ake dafawa.

Yadda ƙauye ya zama garin ma'aikata

A zamanin Nasara, N'Guigmi da Maine-Soroa su ne manyan garuruwan yankin. Diffa ƙaramin wuri ce a bakin kogi. Dokar 1964 da ta raba Nijar zuwa manyan yankunan mulki 7 ita ce ta ɗaga ta, aka mai da ita babban garin yankin gabas. Sai ga ma'aikata, malaman makaranta, jandarmomi da sojoji daga Yamai, Maraɗi da Damagaram, galibinsu samari ko waɗanda suka baro iyali a nesa. Gwauro ba ya daka, ba ya tuƙa tuwo. Waɗannan su ne masu cin abincin saye na farko da ke zuwa kullum, ba sai ranar kasuwa ba. A farkon shekarun 1970 kuma aka shimfiɗa kwaltar da ake kira Hanyar Haɗin Kai, daga Gure zuwa N'Guigmi, da taimakon ƙasar Kanada. Kwalta ta kawo direba da yaron mota, su kuma suka kawo teburin mai shayi, da burodi da ƙwai da madarar gwangwani.

Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, da na 1984. Tafkin da a shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 ya ja baya, har N'Guigmi da ke bakin ruwa ta wayi gari a tudu. A can sama kuma an datse ruwa da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Gero ya daina riƙe gida. Manoman bakin kogi, musamman Mobar, suka rungumi noman rani da injin ban ruwa, suka dogara ga shuka ɗaya: tattasai. Abin mamaki, wannan shuka da muke wa kallon gadon kakanni baƙuwa ce, asalinta nahiyar Amurka, sai bayan 1492 ta ƙetaro teku. Amma ta sami ƙasa a kwarinmu har ana ce mata jan zinarin Manga. Kafin 2015 ana samun wajen tan 10,000 a shekara, mafi yawa kuma Najeriya ake kai shi.

Ranar Talata a rumfar goggo

Wanda bai ga Diffa a lokacin kakar tattasai ba, bai ga garin ba. Daga sanyin hunturu zuwa farkon bazara, ko'ina ka duba shanya ce ja wur. Ranar Talata, ranar kasuwa, buhuna sun yi tsibi, ƙurar yaji na sa mutum atishawa tun daga nesa. Manomi ya sayar, dillali ya sami la'ada, ɗan dako ya sami na hannu, ɗan kabu-kabu ya yi sawu ashirin, kuma duk cikinsu ba wanda zai koma gida cin abincin rana. Nan ne manyan gidajen abincin Diffa suke, waɗanda na kasa ambata a Yamai: rumfar zana, benci biyu, tukwane uku.

Ina yaro ni ke wanke kwanoni a rumfar goggo ranar da babu lakkwal. Tun asuba take ɗora miya. Sirrinta ba wani sirri ba ne: garin tattasai da ta daka da kanta, da bandar kifi daga tafki. Tattasanmu ba zafi ne aikinsa ba, launi ne da ƙamshi da ɗan zaƙi, shi ya sa miyar Diffa take ja ba tare da ta sa ka kuka ba. Banda kuwa, wato kifin da aka yanka aka ƙyafe da hayaƙi, Buduma da sauran masunta ke kawo ta daga tsibirai, a cika kwalaye a yi Maiduguri da kudancin Najeriya da ita. Abin da ya rage a gari shi ke shiga tukunyarmu. Fulani su kawo nono, mahauta su hura wutar tsire da la'asar. Kuɗi ma harshe biyu yake ji: wani ya biya da naira, wani da sefa, goggo ta yi canjin a ka ba tare da ta taɓa zama a aji ba.

Akwai wani aikin da rumfar ke yi wanda ba a rubuta shi a ko'ina. Nan ake jin farashin buhu a Damasak, nan ake ajiye saƙo, nan manomi ke cin bashi tun daga shuka har girbi, ba takarda ba shaida. Da dare kuma teburin mai shayi ya karɓi aikin, a kunna rediyo, a yi ta musun siyasa da kokawa har tsakar dare.

Shekarar da aka kashe wuta da wuri

A ƙarshen 2014 mutanen Damasak da Malam Fatori suka fara ƙetaro kogi suna gudun Boko Haram. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa. Ranar 8 ga wata bam ya tashi a kasuwa a cikin gari. Ranar 10 aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka sa dokar hana fitar dare, aka taƙaita sayen taki da man fetur, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifi, bisa hujjar cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, aka kwashe mutanen tsibirai a watan Mayu. A Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, dubban mutane suka zo suka kafa bukkoki a gefen kwalta.

An yi rubutu da yawa a kan rayukan da aka rasa, kuma ya kamata. Ni abin da na gani da idona ƙarami ne, amma shi ma tarihi ne. Goggo ta koma daga tukunya uku zuwa ɗaya. Ba manomi, ba dillali, ba ɗan kabu-kabu. Bandar da ke ba miyarta suna ta zama abin da ake saye a ɓoye, da tsada. Waɗanda take bi bashi wasu sun gudu, wasu sun rasu, ba ta taɓa zuwa gidan kowa tambaya ba. Mai shayin unguwarmu, wanda dare ne kasuwarsa, ya koma naɗe tebur tun kafin isha'i. Ashe abin da ke riƙe da gidan abinci ba gwanintar mai girki kaɗai ba ce. Sai da kogi, sai da hanya, sai da dare.

A daidai lokacin kuma wani sabon abu ya tsiro. Garin da ƙidayar 2012 ta nuna bai kai mutum 60,000 ba, ya zama cibiyar jihar da ta karɓi ƴan gudun hijira sama da 200,000. Ƙungiyoyin agaji suka cika gari da fararen motoci da ma'aikata masu albashi. Domin su aka buɗe wuraren da ke da allo, da firji, da janareta, da takardar jerin abinci. Matan Borno da suka tsere da hannunsu kawai su ma suka ɗora kasko a bakin titi, suka shiga suyar masa da ƙosai, don ita ce sana'ar da ba ta neman jari sai itace da ɗan mai. Gari ɗaya, teburi iri biyu: a wancan faranti ɗaya ya ci jika biyu ko uku, a wannan kuwa yaro ya zo da ƴan daloli a ba shi abin da zai kwana da shi.

Abin da ya dawo da abin da bai dawo ba

A Oktoban 2017 aka ɗage haramcin tattasai, a Maris 2019 aka ɗage na kamun kifi. Kogin ma ya yi nasa, ambaliyar 2019 ta cinye gonaki da gidaje. A Disamban 2021 aka yi bikin ranar Jamhuriya a garinmu, mai taken Diffa N'Glaa, aka yi sababbin tituna da gine-gine, baƙi suka zo suka ci suka tafi. Goggo ta koma tukunya biyu. Ta ukun tana kife a bayan ɗaki, ta ce ba za ta sayar ba.

Ba ina ƙyashin gidajen da ke da allo ba ne. Ina cin abinci a can in aljihu ya yarda, kuma samarinmu na samun aiki a ciki. Damuwata ita ce, idan wani ya tashi rubuta tarihin cin abinci a Diffa nan da shekara 30, su zai samu, don su ke da suna a takarda da hoto a Facebook. Matan da suka ciyar da kasuwar tattasai tun daga shekarun fari ba za su bar komai ba, tunda sunan wurinsu shi ne sunansu, kuma ranar da aka kai su makwanci an rufe wurin ke nan.

Don haka, ƴan uwa ɗalibai, ga roƙona. Wannan hutun in kun koma gida, ko Bosso ne ko Chetimari ko Gueskerou ko N'Guigmi, ku zauna a benci, ku sayi kwano ɗaya, ku tambayi mai tuwon: Inna, wace shekara kika fara? Wa ya koya miki? Me kike kiran wannan miya da harshenku? Su wa ke ci a wurinki da, su wa ke ci yanzu? Ku rubuta yadda ta faɗa, kada ku gyara mata Hausa. Ni na fara da goggo, na cika shafi goma sha ɗaya, kuma ba mu kai ga auren farinta ba tukuna.

Shi kuwa abokin nan nawa na Yamai, na gaya masa ya tara kuɗin mota. In Allah ya kai mu kakar tattasai, ranar Talata zan kai shi rumfar zana, ya zauna tsakanin dillali da ɗan dako, ya wanke hannu. In ya gama sai ya sake yi mini tambayar.