Yadda Likitoci Suka Gano Abin da Ke Cin Hanta a Ɓoye

Mai karatu, idan likita ya taɓa shaida maka cewa hantar mahaifinka ko ta ɗan'uwanka ta ƙanƙance, mai yiwuwa tambayar da ta fara zo maka ita ce: ta yaya, alhali bai taɓa kai giya bakinsa ba? Su kansu likitoci sun shafe fiye da ƙarni guda suna neman amsarta.

A shekarar 1819 likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya, ya bayyana hantar wani majinyaci da ya rasu: ta tsuke, ta yi tauri, ta yi gudaje masu launin ruwan ɗorawa. Daga kalmar Girkanci mai nufin wannan launi ya raɗa wa ciwon suna sirosis. Da yake a Turai an fi ganinsa a jikin mashaya, sai aka daɗe ana ɗora wa giya kusan dukan laifin.

Abin da Laennec ya gani tabo ne. Duk abin da ya daɗe yana ji wa hanta rauni, takan yi ta warkewa tana barin tabo, har tabon ya matse hanyar jinin da ke zuwa mata daga hanji. Daga nan ne ruwa ke taruwa a ciki, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙoshi su cika har su fashe mutum ya yi aman jini, idanu su yi shawara, dafin da hanta ta kasa tacewa ya rikita hankali.

Amsa ta farko ta ɓullo daga gonakin kiwo. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Bincike ya gano dafin afulatoksin, wanda wata funfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, daga baya kuma aka tabbatar yana haddasa kansar hanta. Wannan darasi ya shafi duk gidan da ke da rumbu.

Amsa ta biyu ta fito daga jini. A 1965 Baruch Blumberg na Amurka ya ba da rahoton wani sinadari da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostareliya. Ashe ɓawon ƙwayar ciwon hanta nau'in B ne, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1976. Aka fahimci cewa kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu da ita sukan ɗauke ta tsawon rai, ba tare da wata alama ba, har hanta ta gaji bayan shekaru ashirin ko talatin. Allurar rigakafinta ta samu a 1981, Gambiya ta fara yi wa jarirai a 1986, Nijeriya kuma ta saka ta cikin rigakafin yara a 2004. A 1989 aka gano nau'in C, wanda a yau ake warkar da shi da ƙwayoyi cikin makonni 8 zuwa 12.

Saboda haka kada ka bari zargi ya shiga tsakaninka da majinyacinka, wataƙila tun yana goye ya ɗauki ciwon. Ku je a gwada jinin duk mutanen gidan, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Jaririn da aka haifa a yi masa allurar farko cikin sa'o'i 24. A daina haɗa aska da reza, a busar da gyaɗa da masara sosai kafin a kai su rumbu, a zubar da wadda ta yi funfuna. Wanda kuma aka samu da ƙwayar, ya riƙa zuwa asibiti ana duba hantarsa ko da yana jin garau, ya guji shan magani ko jiƙo ba da sanin likita ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.