Daga Turmin Lalle zuwa Robar Man Shafawa

A 1916 wani likitan zamanin mulkin mallaka, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, sannan a 1937 ya fito da wani babba a kan tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma. Da yawa daga abin da ya tattara daga bakin mutane ya ji shi, domin matan ƙasar nan sun daɗe da sanin lalle na ƙunshi da sanyaya tafin ƙafa, man kaɗanya na kaushi da faso, ganyen magarya na wanka, sabulun salo na ƙuraje. Majema kuwa da bagaruwa suke jima don kada fata ta ruɓe. A Potiskum, inda Bolawa da Ngizim da Karekare da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, ilimin ya cakuɗa har ba a tambayar na wa ne.

Darbejiya baƙuwa ce a cikin waɗannan tsirrai. Asalinta ƙasar Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, wanda Potiskum ke ƙarƙashinsa a lokacin. Don inuwa da itace aka kawo ta, amma ba a jima ba ganyenta ya shiga tukunyar wankan mai ƙaiƙayi, reshenta ya zama asuwaki. Yau yaron Potiskum ba zai yarda cewa kakannin kakanninsa ba su san ta ba.

Daga baya masana suka samo ma'auni. A 1958 Marsden Blois ya nuna yadda wani sinadari mai launin shuni, DPPH, ke koɗewa idan ya haɗu da abin da ke hana iska lalata mai da fata. A 1966 aka daidaita gwajin Kirby da Bauer: a shuka ƙwayoyin cuta a faranti, a ɗora 'yar takarda mai magani, a auna faɗin wurin da suka kasa tsirowa. Da irin waɗannan gwaje-gwajen ɗaliban jami'o'inmu ke jarraba lalle da bagaruwa da darbejiya da zogale, kuma sau da yawa sakamakon na gaskata tsofaffi. Sinadarin lawson da ke sa lalle kama fata yana takura wa wasu ƙwayoyin cuta. Sinadarin tanin na bagaruwa yana ɗaure furotin, dalilin da ya sa fatar da aka jeme ba ta ruɓewa ke nan. Man kaɗanya na ɗauke da bitamin E, mai jinkirta lalacewar mai.

Sai dai faranti daban, robar da za ta yi wata uku a shago cikin zafin Afrilu daban. A ganina nan ne aka yi tuntuɓe. Tsohuwar hanya ba ta buƙatar maganin adanawa: a shanya ganye, a daka, a tankaɗe, a ajiye shi busasshe, sai ranar ƙunshi a kwaɓa. Man kaɗanya zallansa ma babu ruwa a ciki, ƙwayar cuta kuwa ba ta yaɗuwa inda babu danshi. Da sana'ar haɗa man shafawa a gida ta bunƙasa, ana tallarta a WhatsApp da Instagram, sai aka shiga zuba ruwa da zuma da madara cikin mai, a ƙara cokalin ruwan darbejiya, a ce ai shi zai tsare. Da wuya ya tsare. Kamfanonin Turai ma, da suka so raba kayansu da sinadarin paraben bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a kansa a 2004, sun tarar ruwan ganye kaɗai ba kasafai yake riƙe mai mai ruwa ba.

Lalle shi ma bai tsira ba. Baƙin lallen da ke kamawa cikin 'yan mintuna, wanda ake rububinsa lokacin biki da sallah, galibi sinadarin rinin gashi ne, PPD, ke cikinsa, kuma yakan tayar wa wasu da bororo har ya bar tabo daidai zanen furen. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan kwalliya, amma lambarta a jikin kwali take, mai ƙunshi kuwa a 'yar leda take zuwa da nata haɗin gidan biki.